Shekara Biyu, In Ji Takarda

Tasi'u ya zo da hantsi, ba kayan aiki a jikinsa,
farar shadda, takalmin da bai san ƙasar Ƙofar Ruwa ba,
ga ambulan a hammata,
ya riƙe shi kamar jaririn da ba a raɗa wa suna ba.

Ya ce, Maigida, ta fito.

Na kashe janareta don in ji da kyau.
Rumfa ta yi tsit,
sai gudumar 'yan rodi daga can layin baya.

Shekara biyu, in ji takarda.
Kamfani ne ya tsaya masa, a wata ƙasa bakin teku
inda ake walda a bene hawa na arba'in.
Su za su ba shi ɗaki, su ba shi kati,
sunansa a sama, nasu a ƙasa,
ko nasu ne a sama, bai tabbatar ba.
In aiki ya tsaya, zama ya ƙare.
In ya so sauya maigida, sai in maigidan ya so.

Na ce, ka taɓa ganin mutumin?
Ya ce, ba mutum ba ne, kamfani ne.
Na ce, to wa za ka gaisar da safe?
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekara goma sha ɗaya yana hannuna.
Uwarsa ta kawo shi daga Gwammaja da ƙwaryar goro,
ranar farko ya zuba wa wutar walda ido,
ya kwana yana hawaye kamar an watsa masa yashi.
Ban taɓa riƙe masa takarda ba.
Da muka saɓa a kan ƙyauren wani alhaji
ya tafi Sharaɗa kwana tara,
ya dawo ya ɗauki fensa,
na yi kamar ban san ya tafi ba.

Ba na ganin laifinsa.
Wuta sai ta ga dama,
kuɗin ƙarfe na safe daban, na la'asar daban,
mai gini ya tambayi farashin taga, ya ce zai dawo.
Ya sayar da babur, ya sayar da rabonsa na fili a Rimin Kebe,
ejan na Fagge ya ƙirga sau biyu yana lasar yatsa.
An ɗebi jininsa, an ɗauki hoton ƙirjinsa,
likita ya ce ba komai a ciki.
Ni na san akwai.

Abin da ya kawo shi, shaida ce:
wai in sa hannu cewa ya iya aiki.
Yaron da ke jin ƙarfe ya nuna tun kafin ya yi ja.
Ba ni da boko, na miƙa babban yatsa,
ya dangwala a tawada, ya danna a takarda,
sai baƙin tabo kawai, babu zane.
Shekara arba'in na ƙuna sun cinye shi.
Ya ce, za su karɓa a haka.

Baƙo raɓa ne, haka muka ji a bakin manya.
Amma raɓa ba ta da lamba,
ba wanda ke ajiye fasfonta a durowa.

Na ba shi safar hannuna ta fata, wadda yake sata in na juya baya.
Na ce, in sun ce sauko, ka sauko a hankali.
Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba.
Na so in ƙara, sai Ɗan'azumi mai shayi ya kawo canji,
maganar ta wuce.

Yau kwana goma sha huɗu.
A bangon da muke rubuta awon ƙofofi
na ja layi da alli, ɗaya ɗaya.
Tabaransa na nan rataye a ƙusa.
Jiya sabon yaro ya kai hannu,
na ce, bar shi nan,
da mai shi.